Arba'in Ɗin Ƴar Kasuwa: Wa Zai Riƙe Mata Tebur Ta Samu Ta Yi Barci?

 Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da kowa yake gani da idonsa, amma kaɗan ne suka ɗauke shi a bakin komai, wato barcin mai jego. In aka yi haihuwa a gidajenmu akan zauna a yi lissafin komai da komai: ragon suna, goro, itacen wanka, kayan ƙauri, turamen atamfa, har da abin da za a ba maroƙa. Amma da wuya ka ji an yi lissafin awa nawa wadda ta haihu za ta samu ta kwanta, balle a ce ga wanda zai ɗauke mata aikin gida da na kasuwa har ta dawo hayyacinta. Ni kuwa a ganina wannan shi ne lissafin da ya kamata a fara yi, kuma ku ƴan kasuwa kun fi kowa iya yin sa.

Bari mu fara da shi jaririn, domin da yawa daga cikin maza ba su san yadda yake tafiyar da darensa ba, tunda in kuka ya yi yawa sukan kwashi tabarma su koma zaure. Sabon jariri yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, sai dai a gutsure yake yin sa, awa biyu ko uku ya farka. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 tsakanin safiya da wata safiyar. Bai san dare ba bai san rana ba, sai ya kai wata biyu zuwa uku kafin jikinsa ya fara rarrabewa. Bugu da ƙari, masana lafiyar yara sun lura cewa kukan jariri yakan kai ƙololuwarsa ne wajen mako na shida da haihuwa, wato daidai lokacin da muke cewa an yi arba'in, kowa ya watse ya bar ta da ɗanta. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a dare. To a gaya mini, matar da ake tayarwa sau huɗu ko biyar kafin asuba, sannan gari na wayewa ta ɗauki taɓarya, a ina za ta haɗa awa bakwai ɗin nan?

Kowace ƴar kasuwa ta san bambancin riba da uwar kuɗi, ta kuma san cewa wadda ta fara cin uwar kuɗi ta kama hanyar karyewa ko da kuwa teburinta cike yake da kaya. To jiki ma haka yake. Wadda ta haihu ta zubar da jini, ta ɗauki ciki wata tara, ga shi tana shayarwa. In ba ta samu barci da abinci ba, uwar kuɗin jikinta take ci. Da farko abin yakan fito ne a matsayin ciwon kai da jiri da mantuwa: ta ba da canji fiye da ƙa'ida, ta auna tiya biyu ta karɓi kuɗin ɗaya, ta manta wanda ya ɗauki bashi. Daga nan sai saurin fushi, a ce ta canza hali. Mafi muni shi ne barci ya sace ta tana zaune da jariri a hannu kusa da murhu, ko ta danne shi cikin dare ba ta sani ba. Hausawa sun ce jiki magayi, amma mu sai ya faɗi ƙasa muke saurarensa.

Dokar ƙasarmu ta san da wannan. Kundin dokokin aiki na Nijar na shekarar 2012 ya ba mace mai aikin albashi hutun haihuwa na makonni 14, takwas daga ciki bayan ta haihu, sannan in ta koma aiki tana da damar awa guda kowace rana domin shayarwa har tsawon watanni 12. Madalla da wannan. Amma mai tuyar ƙosai, da mai sayar da nono da fura, da mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da mai kayan miya, wa ya ba su hutu? Ba su da albashi, ba su da takarda. Hutun haihuwa guda ɗaya da ƴar kasuwa ta mallaka a duniya shi ne arba'in ɗin da kakanninmu suka bar mana. Kuma ba a banza suka tsayar da wannan adadi ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita ma makonni shida, wato kwana 42, ta ɗauka a matsayin lokacin da jikin mace ke buƙata kafin ya koma daidai. Addini ma ya riga kowa, tunda an ɗauke wa mai jinin biƙi salla ba tare da ramuwa ba, an jinkirta mata azumi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya wannan jini yana iya kaiwa kwana 60. To in Mahalicci ya ɗauke mata salla, kai maigida wane dalili gare ka da ba za ka ɗauke mata daka da jan ruwa ba?

Abin takaici shi ne mun riƙe sunan arba'in, mun zubar da hutun da ke cikinsa. Mu duba makon farko kawai. Tun daga ranar da aka haihu har ranar suna ɗakin mai jego ba ya rabuwa da ƴan barka, daga hantsi har bayan isha'i. Wannan ta fita waccan ta shigo, kowace sai an tashe ta an gaisa, an miƙa jariri an karɓa, an ba da labarin yadda naƙuda ta kasance. In ta kwanta a ce tana da girman kai, in ta yi hamma a ce ba ta son mutane. Ranar suna kuwa ita ce amarya, ita ce mai masaukin baƙi, ta yini a zaune cikin kwalliya, alhali ko zaman ma da ƙyar take yi. Washegari ga tulin kwanuka da tukwane. Zumunci abu ne mai kyau, ba mai cewa a daina zuwa barka. Amma zumuncin da zai hana marar ƙarfi runtsawa yana buƙatar gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san wasu iyayenmu za su ce, mu da muka haifi goma goma wa ya ba mu hutu, ƴaƴan yanzu ne dai ba su da ƙwari. Iya, a yi mini haƙuri, ku kun samu abin da su ba su samu ba. A zamaninku mai haihuwar fari gidan iyayenta take tafiya goyon ciki, ta yi wanka a gaban uwarta, ba ta taɓa turmi sai ta dawo. Gida kuma babba ne, ga kaka, ga gwaggo, ga matan wa da na ƙane, kowa da abin da zai kama. Yau gidaje sun rarrabu. Maza da yawa suna cirani a Nijeriya ko Libiya, wasu kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 arewa suka nufa, sun bar mace da yara biyar da awaki da tebur. Ƴan matan da ke taya aiki a da, yanzu suna makaranta, kuma nan ne ya kamata su kasance. Haihuwar kuwa ba ta tsaya ba: binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara fiye da 7 a rayuwarta, na 2021 ya nuna fiye da 6. Sannan mu faɗi gaskiya, cikin waɗancan mata na da ɗin, nawa ne aka binne kafin su yi arba'in, aka ce kwana ne ya ƙare? Waɗanda suka rayu ne kawai ke ba da labari.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta su kansu masu jegon. Mace za ta ce maka, in na zauna kwana 40 me za mu ci? Jarina zai narke a cefane, masu sayen kayana su koma wajen wata, wurin zamana a kasuwa wata ta gaje shi. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma duk wanda zai ce mata ta huta bai ba ta amsar wannan ba, surutu kawai yake yi. Shi ya sa ake ganin mace da ɗanyen jego, kwana goma sha da haihuwa, ta goya jariri ta hau amalanke zuwa cin kasuwa, ta yini a rana da ƙura. Ba son kuɗi ne ya fito da ita ba, tsoron karyewa ne.

Amsar kuwa tana hannunku, domin matan ƙasar nan ne suka koya wa duniya dabarar. A shekarar 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu mako-mako a asusu, su ranta wa junansu. Tsarin ya bazu a Nijar, daga baya ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka kwaikwaya. To me zai hana kowace ƙungiyar asusu ko adashi a Kelle ta ware abin da za a kira asusun jego? Alal misali, mata 20 in kowace ta zuba dala ashirin a mako, an tara jika 2. A wata shida an haura jika 50. Wannan ya isa a saya wa wadda ta haihu gero da wake da mai, a biya kuɗin niƙa a inji, a biya mai kawo ruwa, ba tare da ta taɓa jarinta ba. Muna yin anko na dubbai domin suna na yini ɗaya, muna kuma haɗa gudunmawa ta kwano da sabulu. A rage a can a ƙara a nan.

Na biyu, a riƙe mata tebur. Maƙwabciyarki a rumfa ta san farashin kayanki, ta san masu sayenki, ta san mai biya da mai taurin bashi. A yi yarjejeniya tun ciki na wata bakwai: in na haihu ke za ki kula da kayana, ki ajiye mini cinikina, in kin haihu ni ma haka. A ƙirga kaya a gaban shaidu biyu ko a gaban uwar adashi domin kada shaiɗan ya shiga tsakani. Sarkin kasuwa da masu karɓar kuɗin rumfa su ma su sa hannu, a tsayar da magana ɗaya cewa wurin mai jego ba mai gaje shi har ta yi arba'in. Wannan ba ya buƙatar ko dala daga gwamnati ko wata ƙungiyar waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a tsara barcin kansa kamar yadda ake tsara kwanan girki. Shayarwa dai ba mai karɓar mata, kuma kada a ce za a ɗura wa jariri ruwa ko madarar akuya ko jiƙo domin ya yi barci mai tsawo, domin nonon uwa zalla ake so har wata 6, tsotson dare kuma yana cikin abin da ke sa nono ya yawaita. Amma duk abin da ya biyo bayan shayarwa wani zai iya yi: sa shi gyatsa, canza masa tsumma, jijjiga shi, zagayawa da shi tsakar gida. In ya sha ya ƙoshi bayan isha'i, kaka ko gwaggo ko abokiyar zama ta karɓe shi, uwar ta samu awa uku ko huɗu a jere ba a tashe ta ba. Da rana kuma, daga azahar zuwa la'asar a saki labule, a ajiye wata dattijuwa a bakin ƙofa ta riƙa cewa mai jego ta kwanta, a dawo da yamma. Ba wanda zai yi fushi da tsohuwa. Mai zuwa barka ta taho da hannun aiki: ta share tsakar gida, ta wanke tsummoki, ta ɗauki yayyen jaririn su yini a gidanta. Ke kuma mai jego, in ɗanki ya yi barci ki kwanta, wanke-wanke ba ya gudu. Ki ajiye salula, gaisuwar WhatsApp za ta jira. A kwantar da jariri rigingine a cikin gidan sauro, a shimfiɗa marar taushi sosai, kusa da uwarsa, ba tare da tulin zannuwa a fuskarsa ba.

Yanzu sai ku ƴan'uwana maza. A nan jaharmu ta Damagaram aka fara Makarantar Mazaje wajen shekarar 2008 da tallafin hukumar UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka zo suka ɗauki darasi. Abin kunya ne a ce mu da muka koyar, mu ne za a samu a baya. Ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita wajibi ne da Alƙur'ani ya ɗora a kan uban jariri. Ɗan kasuwar da ba zai ɗora wa jakar da ta haihu jiya kaya ba, yaya zai dawo daga kasuwa ya tambayi matar da ta haihu shekaranjiya ina tuwo? In ba za ka iya girki ba, za ka iya sayo dafaffe. Za ka iya biyan mai ruwa da mai itace. Za ka iya riƙe ɗanka bayan sallar asuba, uwarsa ta ƙara awa guda. Wannan ba ya rage maka girma ko kaɗan. Wanda ke cirani kuma ya aiko da kuɗin hutun matarsa kafin ya aiko da na rago.

Sai batun wanka da kunun kanwa, wanda na san taɓa shi kamar taɓa gidan rina ne, balle a ƙasar Gure da kanwa ke fitowa a kwaruruwanmu. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, suka kuma danganta abin da yawan kanwa da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya sake tabbatar da cewa cutar ta fi yawa a arewa maso yammacin Nijeriya, kimanin mace 1 cikin 96 da suka haihu, sai dai shi ya fi ɗora laifin a kan rama da rashi da hawan jinin masu ciki, bai ga hannun wanka da kanwa a ciki ba. Ko ma wanne aka ɗauka, darasin ɗaya ne a wurinmu. Ruwa mai ɗumi yana warware gajiya, amma wanda ke saluɓe fata azaba ce. Kanwa gishiri ce, yawanta ba ya yi wa mai hawan jini kyau. Kuma kuɗin da ake ƙonawa a itace safe da yamma, da an raba shi biyu an sayi hanta da ƙwai da wake da zogale da nono, da ya fi amfani. Binciken 2012 ɗin nan ya nuna kusan rabin matan Nijar na fama da ƙarancin jini, shi kuwa ƙarancin jini gajiya ce wadda barci kaɗai ba ya maganinta. A ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a likita bayan haihuwa, a kuma nisanta shan shayi daga lokacin cin abinci, domin yana hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini.

Ina kuma roƙon masu sayar da magani a tebur da a kan kai, ku ji tsoron Allah. Mai jego in ta zo ta ce ta gaji, kada ku miƙa mata tramol ko ƙwayar barci. Waɗannan suna bi ta nono su shiga jikin jariri, su sa shi barcin da ba na lafiya ba, har numfashinsa ya yi rauni. Tun 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa mai shayarwa ta guji tramol. Ribar dala goma ba ta kai ran ɗan mutum ba.

Akwai kuma gajiyar da ba ta rashin barci ba ce, ciwo ne, kuma ba a jiran arba'in da ita. Jinin da ke zuba da yawa ko ya dawo bayan ya ja baya, zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, kumburin ƙafa da fuska, haki ko kasa numfashi in an kwanta, duk wanda aka gani cikin waɗannan a nufi likita nan take, ko ta Kelle ko asibitin Gure, ko da tsakar dare ne. Al'adar da ta ce mai jego ba ta fita ba ta shafi wannan ba. Ko lafiya lau take, shawarar OMS ta 2022 ita ce a duba uwa da ɗanta sau 4: cikin awa 24 na farko, a kwana na biyu zuwa na uku, tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Mu kan yi ƙoƙari wajen awon ciki, amma da an haihu sai mu ce an sauka lafiya, shi ke nan.

Haka nan akwai ciwon da ba a gani da ido. Kuka da ƙuncin zuciya na ƴan kwanaki bayan haihuwa abu ne da ke samun mata da yawa, kuma yakan wuce. Amma in ya haura mako biyu, ba ta cin abinci, barci ya ƙi zuwa ko an karɓe mata jaririn, ba ta jin daɗin ɗanta, ko tana faɗin maganganun gajiya da rayuwa, to wannan ciwon damuwa ne. OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa yana kama kusan mace 1 cikin 5 bayan haihuwa. Kada a tsaya cewa iska ce ko rashin godiyar Allah. A yi mata addu'a, a kuma kai ta likita, kada a bar ta ita kaɗai.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin mata da uwayen adashi, a zamanku na wannan mako ku kawo maganar asusun jego, ku ƙirga masu ciki a cikinku, ku san wa za ta riƙe wa wa tebur. Ina kira ga sarkin kasuwa ya tsare wa mai jego wurinta. Malamanmu da ke raɗa suna, bayan an shafa fatiha a ƙara da tunatar da uban jariri haƙƙin wadda ke cikin ɗaki. Mu kuma da ke magana a rediyo, nauyi ne a kanmu mu yi ta maimaitawa har ya zama abin kunya a ga mace da ɗanyen jego tana daka ko tana jan guga. Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba iyayensu mata lafiya da hutu, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin summa amin.